Hulata a Kan Kujerar Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da hulata ta kunyata ni a gaban Kawu Manu ba. Yau furfura ta cika mini kai, ɗalibai suna rusuna mini, amma har gobe in na ga an ajiye hula a kan kujera sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ba a kai ga yanke Kabi ba. Ni ɗan wani ƙauye ne a bakin tafkin Kainji, kusa da Wara, kuma ni ne na fara shiga jami'a a gidanmu. Ina aji biyu a can Sakkwato, ina karanta lissafi da kwamfuta. (A wancan zamani in ka ce kwamfuta a garinmu, sai dai a ce maka Allah ya ba da sa'a, don ba wanda ya san ko ci ake yi ko shafawa.)

Sai na fara gaya muku yadda muke kama wuri a jirgin ruwa, don daga nan matsalata ta taso. Ranar kasuwar Yelwa, jiragen suna jere a bakin ruwa tun da sassafe. In kana son wuri mai kyau, inda ruwa ba zai fantsamo maka ba, sai ka ɗora wani abu naka a kan katakon zama, hula ko buta ko ɗan ƙunshi, ka tafi ka sha koko hankalinka kwance. Ba mai taɓa maka. Wanda ke tsare wannan tsari shi ne Kawu Manu, yayan Innata, sarkin jirgin garinmu. Shi ke cewa wane jirgi zai fara lodi, shi ke raba rigima, kuma in ya yanke magana ta zauna. Ni kuwa da yake ɗan ƙanwarsa ne, kowa ya san hulata. Tun ina yaro nake jefa ta a wurin da ya fi kowanne kyau in yi tafiyata, ban taɓa dawowa na tarar da wani a kai ba. Na girma ina ganin hular ce ke da kwarjini.

Da na zo hutun ƙarshen zango, sai na buɗe baki. Ana zaune a rumfar gyaran komar kamun kifi, aka tambaye ni labarin makaranta. Maimakon in ce alhamdu lillahi in yi shiru, sai na gyara zama na ce ai ni yanzu ina da na'urata ta kaina. Na ce lamba bakwai ce, tana cikin ɗaki mai sanyi, ba mai zama a gabanta sai ni. Na ce in na yi mata magana da yatsu sai ta amsa. Da na ga bakuna a buɗe, sai na ƙara gishiri, na ce har malamai kan zo neman shawarata. (Malami ɗaya ya taɓa tambayata ko na ga inda ya ajiye makullin babur ɗinsa. Shawarar ke nan.)

Kowa ya yi mamaki ban da Babana. Yana ɗinkin koma, ko kai bai ɗago ba.

"Shekara biyu kana can," in ji shi, "kai ba likita ba, kai ba alƙali ba. Akwati kaka kallo. Ga sabon injin jirgi munka ɗora, babu mai riƙe shi. Manu za shi Sakkwato ya gano muna. In yac ce aiki na, ka ci gaba. In yac ce wasa na, ka dawo ka kama jirgi."

Babana ba ya maimaita magana, kuma duk faɗin bakin ruwan nan ba wanda yake yarda da shi kamar Kawu Manu. Nan take na gane cewa karatuna gaba ɗaya ya rataya a kan abin da Kawu zai gani da idonsa. Na ji tsoro ƙwarai, amma na dake na ce ai ko gobe ma ya zo.

To ga gaskiyar ɗakin kwamfutar nan. Na'urori takwas ne kacal, mu kuwa ɗalibai mun yi musu yawa nesa ba kusa ba. Mai kula da ɗakin wata Malama Asabe ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya kuma ba ta sake doka. Takalmi a waje ake barinsa. Abinci ko ruwa ba ya tsallake bakin ƙofa. Baƙo ba ya shiga sai da takarda daga shugaban sashe. Uwa uba kuma akwai littafi, wani ƙaton rajista mai baƙin bango da ake buɗewa ranar Litinin da safe. A ciki kake rubuta sunanka da lambar na'ura da ranar da kake so, awa ɗaya ga kowa, sau biyu a mako. In ka makara da minti goma, awarka ta zama ta wanda ke jira.

Ni ban taɓa shiga layin ranar Litinin ba. Ina ganin layin nan bai dace da mutum irina ba. Abin da nake yi shi ne in riƙa rakuɓewa a bakin ƙofa, in wani ya makara in faɗa gurbinsa. Lamba bakwai kuwa tana daidai saitin na'urar sanyaya ɗaki, sanyin wurin har haƙora ke kaɗawa, shi ya sa mutane ke gudunta, shi ya sa kuma take yawan faɗo mini. Sau biyu na gwada ɗora hulata a kujerarta na tafi lacca, na dawo na tarar da ita yadda na bar ta. Ban tsaya na yi tunanin cewa ba wanda ya rubuta awar ba ne. Sai na ce a raina, ashe kwarjinin hular nan ya biyo ni har Sakkwato.

Ranar wata Talata wani direban garinmu ya kawo mini saƙo cewa Kawu na nan tafe gobe, zai iso kafin azahar. Mai hankali da sai ya ruga wurin Malama Asabe ya faɗi gaskiya, ya nemi takardar baƙo, ya roƙi wani ya ara masa awarsa. Ni sai na wanke hulata, wata zanna mai ruwan bula da Inna ta saya mini a Yelwa, na kafa ta a kan kwano ta bushe da kyau. Laraba da safe, Malama na ciki tana yaye mayafan da ake rufe na'urorin da su, na lallaɓa na ɗora hular a kujerar lamba bakwai, na tafi tasha tarbar Kawu ina fito.

Kawu ya sauko daga mota cikin babbar riga fara, da sandarsa, da 'yar jaka, da wani ƙunshi a hammata. Tun kafin in ƙarasa kusa na san abin da ke ciki. Bandar kifi ce, giwan ruwa, irin wadda ake ajiye wa manyan baƙi.

"Na malamanka na," in ji shi. "Ba a zuwa wurin masu koya ma ɗanka aiki hannu sake."

Na karɓi jakarsa, ya hana ni ƙunshin. Muna tafe ina nuna masa gine-gine kamar ni na gina su. Duk ɗalibin da muka gamu da shi sai in ɗaga masa hannu, har waɗanda ban taɓa gani ba.

Muka iso ƙofar ɗakin. Kawu ya ga takalma jere a waje, ya tuɓe nasa ba tare da an gaya masa ba, ya yi sallama a hankali. Na leƙa, teburin Malama ba kowa, ta shiga ɗan ofishinta na ciki. Na ce Allah ya taimake ni, na ja Kawu muka shige, da shi da sandarsa da kifinsa.

Ɗakin cike yake maƙil, don a makon ake miƙa wani aiki da aka ba mu. Ba ka jin komai sai ƙarar madannai. Kawu ya tsaya ya ja numfashi, ya ce, "Kai! Wanga sanyi kamar tsakiyar ruwa da asuba." Na yi murmushin mai gida, na nufi lamba bakwai.

Wata ɗaliba ce zaune a kai. Hadiza sunanta, 'yar ajinmu, wadda ba ta cika magana ba amma duk jarrabawa ita ke gaba. Hulata kuwa babu ita babu alamarta.

A nan ne ya kamata in ja Kawu mu fita in ce masa an samu kuskure. Amma Kawu na bayana yana kallo, kuma na riga na ce ba mai zama a wurin sai ni. Sai na kumbura, na ƙwanƙwasa teburin da yatsa, na ce mata da Turanci ta tashi, wurina ne. (Na zaɓi Turanci ne don Kawu ya ji yadda harshena ya karye.)

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Kawu, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta amsa mini da Hausa, yadda kowa zai ji.

"Awata ce. Sha biyu zuwa ɗaya. Yana cikin littafi."

"Ba ki ga hula a nan ba?"

"Na gani. Na ɗauka wani ne ya manta, na kai wa Malama."

"Manta? Kama wuri na yi!"

Madannai suka tsaya cak. Ɗalibai bakwai suka juyo. A daidai lokacin ne kuma sanyin ɗakin ya gama raba ƙamshin bandar Kawu ga kowa da kowa. Na ga wani ya ɗaga hanci yana shinshina. Ƙofar ofishin ciki ta buɗe, Malama Asabe ta fito, tabarau a kan hanci, hulata a hannunta ta riƙe ta da yatsa biyu.

Ba ta ko dube ni ba. Wurin Kawu ta nufa, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Daga Yauri nike. Na zo ganin na'urar ɗanmu."

"Na'urarsa, Baba?"

"Awo. Lamba bakwai. Yac ce tashi ta, ba mai zama gabanta sai shi."

Wani daga lamba uku ya yi wata irin ƙara, kamar wanda ruwa ya sarƙe. Ni dai ina kallon yatsun ƙafata. Safata ma a huje take, ban lura ba sai a lokacin.

Malama ta ce, "Baba, kifin nan sai dai ya jira mu a waje, don na'urorin ba sa shiri da abinci. Ku kuma ku zo ku ga wani abu." Ta karɓi ƙunshin da hannu biyu ta kai bakin ƙofa, ta jawo wa Kawu kujerarta, ta buɗe baƙin littafin a gabansa. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda ake zuwa ranar Litinin, yadda kowa ke samun awarsa, yadda ɗan gwamna da ɗan manomi duk layi ɗaya suke bi. Kawu na gyaɗa kai yana cewa, "Daidai. Daidai." Sannan ta sa yatsa ta bi shafin makon daga sama har ƙasa, ta juya na makon jiya, ta juya na wancan.

"Sunansa ba ya cikin masu kama awa, Baba. Sai dai a nan gefe, wurin masu cike gurbin wanda ya makara."

Kawu ya juyo gare ni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ya yi mini, irin wadda yake yi wa masu rigima a bakin ruwa.

"Kai, da kaɗ ɗora hula, ka hwaɗa ma mai jirgi?"

Na ce, "Kawu, ai a gida ba a..."

"A gida mi? Kowa ya aje hula sai ya hwaɗa ma mai jirgi, mai jirgi ya hwaɗa mani. Hula tana magana? Kai ɗai ka jefa taka ka wuce, ni ko in bi bayanka in ce, ku bar ma ɗan ƙanwata. Shekara da shekaru ni ka kama maka wuri, kai kana ganin hula ta."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta shige ni har ƙashi. Har Malama Asabe, wadda ba mu taɓa ganin haƙoranta ba, sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ni kuwa a tsaye nake ina jin labarin rayuwata daga bakin Kawu a karo na farko, a gaban 'yan ajinmu, ba hula, ga hujajjiyar safa. Na riga na hango kaina a bayan jirgi ina jan igiyar inji.

Hadiza ce ta cece ni, ko in ce ta ƙarasa ni. Ta ce, "Malama, Baba ya yi doguwar tafiya. Na ba shi minti goma daga awata ya nuna masa." Malama ta ce ta yarda saboda girman baƙo, amma sai an rubuta. Ta miƙo mini biro. Wannan shi ne karo na farko da sunana ya shiga tsakiyar shafin littafin nan, shi ma a ƙarƙashin sunan wata.

Na zauna. Na ce bari in sa na'urar ta rubuta sunan Kawu. Layi biyu ne kawai, ɗan aji ɗaya ma ya iya. Na buga, na danna. Ta ce akwai kuskure. Na sake bugawa, ta sake cewa akwai kuskure. Gumi ya keto mini a cikin sanyin nan da ke kaɗa haƙora.

"Mi tac ce?" in ji Kawu.

"Tana... tana tunani ne, Kawu."

Hadiza ta sunkuyo, ta sa yatsa ɗaya ta ƙara wata 'yar alama da na manta, ta danna. Sai ga MANU ya fito da korayen haruffa, wani na bin wani, yana gangarowa har ya cika allon. Kawu bai yi boko ba, amma ya san waɗannan haruffa huɗu, don su ne rubuce a jikin jirginsa. Ya miƙe tsaye, ya dafa sanda, ya matso da fuskarsa.

"Sunana na! Wallahi sunana na! Ji yadda shika gudu!" Ya yi dariya har rigarsa na girgiza. Ya dubi Hadiza ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ke kin san aikinki."

A waje, bayan mun sa takalma, Malama ta yanke hukunci. Shigo da baƙo ba takarda, da ta da hayaniya, da neman ƙwace awar wata: mako guda ba zan taka ɗakin ba. Kawu ya ɗauki ƙunshin kifin ya miƙa mata, ya ce ta raba da yarinyar nan.

"Na gode, Baba," in ji ta. "Kifin zan karɓa, amma hukuncin yana nan."

"In kin rage mai ko kwana ɗaya," in ji Kawu, "in amshe kihina."

Hular ma ban same ta a banza ba. Ashe akwai wani ƙaramin littafin na kayan tsintuwa, sai da na sa hannu a ciki.

Na raka Kawu tasha da la'asar. Duk hanya labarin sanyin ɗakin yake yi da yadda sunansa ke gudu. Na kasa tambayarsa abin da zai gaya wa Baba, shi ma bai ce ba. Ranar Litinin ta farko bayan hukuncina ya ƙare, ni na buɗe layi, tun masu shara ba su gama ba. Haka na yi ta yi har ƙarshen zango, ina cewa a raina ko da zan koma jirgi, bari dai in san abin da na bari. Abin mamaki, da na fara samun awata cikakkiya maimakon ragowar ta wasu, sai na soma fahimtar karatun. Na'urar ta rage ce mini akwai kuskure.

Da hutu ya zo na sauka a Wara, na shiga jirgin garinmu. Tun kafin mu kai gaci na ji wani daga bakin ruwa ya ƙwala, "Ga Mai Bakwai nan!" Nan na san labarin ya riga ni isowa.

A rumfar gyaran koma na tarar da su. Na durƙusa na gaida Baba. Aka sa Kawu ya sake ba da labarin, kuma daga yadda mutane ke riga shi faɗin wasu wuraren na gane ba karo na biyu ba ne, ba kuma na biyar ba. Ya kwaikwayi Turancina. Ya kwaikwayi yadda Malama ta riƙe hular da yatsa biyu. Har safata bai bari ba. Inna na daga bayan zana tana dariya tana cewa a bar mata ɗa haka nan.

Da aka natsa, Baba ya ce, "To Manu, hwaɗa mai abin da kah hwaɗa mani."

Kawu ya gyara zama. "Ce maka niy yi aiki na. Na ga wurin da ba a san ɗan kowa ba, na ga mace guda ta hi ni iya tsare layi. Shi ko wanga, ƙarya ya yi muna, na'ura ba tashi ba ta. Amma nan gida mu munka ɓata shi, ni ab babba wurin ɓatawa. In yad dawo jirgi, hula za shi ci gaba da jefawa. Can ko an sa shi layi. A bar shi can."

Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ji. In hutu ya ƙare ka koma." Sai na ga gefen bakinsa yana motsi, yana ƙoƙarin danne dariya. Daɗin da na ji a ranar ban san yadda zan kwatanta shi ba. Na shiga ɗaki na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Ranar komawa na riga kowa zuwa bakin ruwa. Na ɗora hulata a kan katako, sannan na taka har wurin mai jirgi na gaishe shi na ce, "Ga hulata can, na kama wuri." Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya ƙwala wa Kawu kira, "Sarki, zo ka ji! Boko ta fara aiki!"

Yau ni ma ina da ɗakin kwamfuta da nake kula da shi, da nawa littafin, kuma ɗalibai suna cewa na cika tsanani. Ba su san komai ba. A garinmu dai har jikokin Kawu, Mai Bakwai suke kirana. Abin da na koya shi ne, duk inda ka ga kana ajiye hula kana dawowa ka tarar da wurinka, kafin ka yaba wa hular, waiwaya ka ga wanda ke bin bayanka yana ba mutane haƙuri.